GoPro, DJI ko Insta360: wacce za ka saya idan keke kake hawa kuma kana son ɗan haɗa fim a gida

Tunda na fara ɗora bidiyon hawan keke da muke yi ran Asabar da safe, tambayar da ta fi yawa ita ce wace kyamara zan saya, kuma yawanci mai tambayar so yake ta yi masa aiki biyu, ya ɗaura a keke, ya dawo gida kuma ya ɗauki ɗan gajeren fim da ƙannensa ko taron suna. Toh bari in faɗi abin da na sani.

Na farko dai don Allah kar rubutun 4K, wato girman hoton bidiyo, da ke jikin kwali ya ɗauke ka. Ni da kaina na taɓa sayen wata mai araha marar suna, kwalin ya sha rubutu, na ɗaura a sitiyari muka shiga burji, da na dawo na kunna wallahi ko minti ɗaya ban iya kallo ba, hoton sai karkarwa yake kamar mai zazzaɓi, bishiyoyi suna lanƙwashewa. Abin da kake biya wa kuɗi a manyan kyamarori shi ne tsayar da hoto, GoPro suna ce wa nasu HyperSmooth, DJI kuma RockSteady, duk aikin ɗaya ne, kana cin ramuka amma mai kallo ya ga hanya sumul.

GoPro ita ce uwar tafiyar. Hero 12 Black ta fito a 2023, Hero 13 Black a 2024, dukkansu suna ɗaukar 5.3K kuma suna shiga ruwa har mita 10 ba tare da wani gida ba. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne firikwensin hotonta, wato abin da ke karɓar haske a cikin kyamara, kusan murabba'i ne, wato ka ɗauka sau ɗaya ka yanko na kwance don YouTube ka kuma yanko na tsaye don TikTok ko status, ba sai ka juya kyamara ba. Da rana tsaka launinta ba magana. Amma ɗan keke ya lura, Hero 12 ba ta da GPS, sai a 13 suka dawo da shi, idan kana son gudunka ya fito a jikin bidiyo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Batirin 13 ma daban yake, tsofaffin ba sa shiga.

Ni dai zuciyata tana wajen DJI, kuma dalilin shi ne duhu. Mu da muke fita bayan sallar asuba gari bai gama wayewa ba, ko kuma ka zo ɗaukar abu a falo da kwan fitila ɗaya, a nan ake gane bambanci. Osmo Action 4 firikwensinta ya fi na GoPro girma, saboda haka haske ya fi shiga, fuska ba ta cika yin wannan ɗigo-ɗigon kamar an watsa yashi ba. Action 5 Pro da ta zo a 2024 ta ƙara batir mai jimawa sosai da memori na ciki giga 47, ranar da ka manta kati a gida ba ka yi asarar fita ba. Sannan maƙalinta na maganaɗisu ne, ka ɓalle daga ƙirji ka manna a sitiyari cikin daƙiƙa biyu, abokan tafiya ba su tsere maka ba. Ga mai fim kuma, ƙaramin makirfon na DJI yana haɗuwa da ita kai tsaye ba sai ka jona igiya ba, kuma ka san mutane za su yi haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma ba za su zauna suna jin iska tana huhu a kunne ba.

Insta360 X4 wata duniya ce, tana ɗaukar ko'ina lokaci ɗaya, gaba da baya, sandar da ka riƙe ma ɓacewa take a hoton sai ka ce wani ne ke bin ka a baya yana ɗauka. Ga mai hawa shi kaɗai ta yi. Sai dai kowane bidiyo sai ka zauna ka zaɓi inda za a kalla, fayil ɗin manya ne, kuma gilasan nata a tudu suke, faɗuwa ɗaya a kan tsakuwa ta isa ta karce su. Fim ɗin cikin gida kam ban ba ka shawarar ta ba.

Akwai gaskiyar da mai shago ba lallai ya gaya maka ba: duk waɗannan idonsu mai faɗi ne, ba sa iya matsowa su kama fuska kusa-kusa, hanci ya kumbura gefe ya lanƙwashe. Wurin da jaruma za ta yi hawaye, wayarka mai kyau a kan abin ɗorawa mai ƙafa uku za ta fi su. Zafi ma haka, a kan keke iska tana sanyaya su, amma ka ajiye ɗaya a ɗaki cikin watan Afrilu tana ɗaukar mafi girman hoto, za ta iya kashe kanta, sai ka sauko zuwa 4K ko 1080.

Ka ware kuɗin batir na biyu da katin memori mai alamar V30, da maɗaurin ƙirji, ya fi na sitiyari kwanciyar hoto kuma hannayenka suna fitowa. Idan ta hannu za ka saya, ka buɗe murfin batir ka duba robar da ke zagaye, in ta tsage ƙurar hunturu da ruwan damina duk za su shiga. Da yau zan sake saye da kuɗin aljihuna, Action 4 zan ɗauka, ragowar in sa a makirfon.