Ramin bakteriya da aka gina mana don tace ruwan wankin dutse, abinda na gani

Salam 'yan uwa. Mutane sunata tambayata akan ramin nan da aka gina mana a wajen injin niƙan dutsenmu ta hanyar Buruku, wasu har cewa suke wai da gaske kashin shanu ne yake tace ruwan? Toh bari in faɗi abinda idona ya gani tunda yanzu ramin ya ga damina ya ga hunturu, kuma kuɗina na biya, ba talla nake ma kowa ba.

Mu dai sana'armu a kawo mana dutse a buhuna daga yankin Birnin Gwari mu niƙa a wanke a fidda zinare. Ruwan wankin a wani kududdufi yake taruwa bayan injin, ja-ja kamar tsatsa, ko ciyawa bata fitowa a bakinsa, in damina tayi ƙarfi kuma sai ya tumbatsa ya gangara fadama inda ake noman alayyahu da tumatir. Wata rana wani dattijo mai lambu yazo ya tsaya yace min "Alhaji, jikokina a ruwan nan suke wasa fa", nace Baba in Allah ya yarda za'a gyara, amma wallahi daren nan ban runtsa ba. Duk mai wannan sana'ar ya san abinda ya faru a Zamfara a 2010, su Dareta da Yargalma da Bagega, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe, sannan a 2015 aka sake ganin irinsa a Shikira ta jihar Neja.

Ƙanina ne ya haɗani da wasu matasa uku masu ƙaramin kamfani anan cikin Kaduna, maza biyu injiniyoyi da wata baiwar Allah da ta karanci ilimin ƙananan halittu, kuma gaskiya ita ce ta sa na yarda dasu don bata yi min turancin da bazan gane ba. Ta ɗauki dutsen nan mai ƙyalli da yake ruɗar sabbin yara su ɗauka zinare ne, tace wannan ƙarfe ne haɗe da farar wuta, in aka niƙa shi ya haɗu da iska da ruwa akwai wata bakteriya, wato ƙaramar halittar da ido baya gani, da take cinsa, Acidithiobacillus ferrooxidans sunanta, tun 1947 aka ganota a ruwan ramukan kwal a Amurka, tana ci tana mayar da ruwan mai tsami irin tsamin ruwan batir, shi kuma tsamin shine yake narko dalma da tutiya da sauran ƙarafa daga cikin dutsen su shiga ruwa. Tace jan da nake gani a kududdufina ƙarfe ne, akwai ma wani kogi a Sifaniya, Rio Tinto, da ruwansa ja ne gaba ɗaya saboda irin wannan. Wato dai bakteriya ce ta ɓata ruwan, wata bakteriyar daban kuma zasu kawo ta gyara.

Aikin kansa bashi da wani ban mamaki a ido. Sun haƙa rami mai zurfi sun shimfiɗa baƙar leda mai kauri don kar ruwa ya tsotse cikin ƙasa, suka zuba tsakuwa da farfasasshen dutsen farar ƙasa, sannan cakuɗen garin katako da buntun shinkafa da kashin shanu, suka rufe yadda iska bazata shiga ba. Ruwan yana shiga ta bututu a hankali ya ratsa ya fita zuwa rami na biyu mara zurfi da suka dasa kachala a ciki. Bakteriyar dake cikin kashin shanun bata son iska, garin katakon shine abincinta, tana aiki tana fidda wata iska mai warin baragurbin ƙwai, wannan iskar ce take kama dalma da tutiya da jan ƙarfe ta mayar dasu baƙin laka su kwanta a ƙasa, tsamin ruwan ma ya ragu. Ba lantarki, ba janareto, ba sinadarin da zaka riƙa siya duk wata, wannan kam ya burgeni matuƙa don kowa ya san yadda dizal yake cin ribar mai inji.

Makonnin farko babu abinda ya canza sai wari, har yaran inji suka fara ƙorafi, na kira Injiniya yace Alhaji kayi haƙuri warin nan shine alamar sun tashi aiki, kar dai a bari kowa ya leƙa kansa cikin bututun don iskar tana da haɗari in ta taru waje ɗaya. Can sai ruwan dake fita ya fara washewa, jan ya tafi. Na ɗebi na shiga da na fita a gora biyu na kai ɗakin gwaji a Zariya da kaina, ban basu su kai ba, takarda ta fito dalma ta ragu sosai tsamin ma ya faɗi. Amma fa bai sauko ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha ba, wanda shine miligiram 0.01 na dalma a lita ɗaya, don haka ruwan nan mayar dashi inji muke a sake wankin dutse, ba'a sha, ba'a alwala, ba'a ba dabba.

Yanzu ga inda suka ɓata min rai. Da hunturu ya shigo sanyin dare ya rage ma bakteriyar ƙarfi, ruwan ya fara fitowa da ɗan launi, ashe sai an rage gudun ruwan da yake shiga, kuma babu wanda ya faɗa min haka tun farko. A tsakiyar damina ma laka ta toshe bututun shiga na kwana huɗu ina kiran waya ba'a ɗauka, sai da muka tona da kanmu. Wanda zai sayar maka da abu mai rai ai ya kamata ya bar maka ko 'yar takarda ce da Hausa, kaza zakayi in sanyi yazo, kaza zakayi in ruwa yayi yawa.

Babban abin kuma shine zaiba. Kowa ya san da zaiba ake kama zinare a sana'armu, kuma sai bayan an gama gini ana hira baiwar Allahn nan ta ga yaro yana wanke kwanon zaiba kusa da bututun, ta daka masa tsawa, tace irin wannan bakteriyar mara son iska tana iya juya zaiba ta koma wani nau'i da yafi guba, wanda yake taruwa a jikin kifi ya shiga jikin mutum ya taɓa ƙwaƙwalwa, musamman jarirai a ciki. Jikina yayi sanyi. Wannan ai tambayar farko ce da ya kamata suyi min ranar da suka fara zuwa, kafin a sa diga a ƙasa. Dole na ware wajen zaiba daban da durom ɗinsa, ruwansa baya zuwa ramin kwata-kwata. Don Allah duk mai shirin yin irin wannan ramin ya riƙe wannan.

Inda zan yaba musu kuma, na tambayesu ko bakteriya zata iya fiddo min zinaren da yake maƙale a ragowar dutse tunda naji ana yi a waje, basu yaudareni ba. Sukace da gaske ne, a Chile ana tara tulin dutse ana yayyafa masa ruwan tsami bakteriya ta narko jan ƙarfe, na zinare kuma tun 1986 ake yi a mahaƙar Fairview ta Afirka ta Kudu, Obuasi ta Ghana ma sun kafa nasu a 1994, amma manyan tankuna ne da ake juyawa ana hura musu iska dare da rana cikin zafi kusan digiri 40, kuma bakteriyar ba zinaren take narkarwa ba, ɓawon da ya rufe shi take cinyewa, bayan nan sai an sa sayanaid, wani sinadari mai guba da yake narkar da zinaren. Sukace Alhaji da wutar da muke samu da girman injinka asara zakayi. Da wani ne, da ya karɓe kuɗina ya kawo min jarkar ruwa yace maganin zinare ne.

Kuɗin aikin ya ɗan haura na sabon babur, rabinsa ledar ce da haƙa. Ramin baya maganin ƙurar niƙa, wadda ita ce ta fi kashe yaran Zamfara, shiyasa muke jiƙa dutse kafin niƙa kuma ba'a shiga gida da kayan aiki. Baƙin lakan dake taruwa a ƙasa shima guba ne zalla, ba taki bane, ranar da za'a kwashe sai an binne shi a rami mai leda nesa da rijiya, na riga nace musu su rubuta min a takarda cewa su zasu zo suyi. Na zagaye ramukan biyu da waya, na kuma kai ma Baba mai lambu kwafin takardar gwajin ɗansa ya karanta masa, yace in an sake gwaji kafin ruwan farko ya sauka in kawo masa wannan ma.