Karanshaf ɗin da aka sa ni na yanka a Riyad

Masu tambayata ko gyaran jirgin sama ya fi gyaran mota wuya, to ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, irin Cessna 172 da ake koyon tuƙi da shi, injinsa bai kai na Camry ta zamani rikici ba. Silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, iska ke sanyaya su, babu lagireto, kowace silinda da fulogi biyu, kuma tsofaffin cikinsu har yau da kafireto suke aiki. Duk yaron da ya goge a gareji a Kano zai gane kan abin da ido. Inda aka bar mu shi ne abin da ake yi da ƙarfe bayan an kunce shi.

Shugaban rumfar da nake aiki, a wani ƙaramin filin jirgi da ke bayan garin Riyad, dattijo ne Bahaushen Sudan, ɗan Mai Wurno, cikin jikokin mutanen da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Baba muke ce masa. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, da Larabci a gauraye. Kwanakin baya aka kawo mana jirgin wani Balarabe mai injin Lycoming O-320 da ya cika awa 2000, adadin da kamfanin ya ba da shawarar a yi garambawul, ko kuma shekara 12 in ita ta riga cika. Muka sauke inji, muka warware shi, aka aika karanshaf, wato sandar ƙarfen da ke juya farfela, wajen masu gwaji. Can suna sa masa maganaɗisu, su zuba wani ruwa mai garin ƙarfe, su haska fitila a cikin duhu, duk inda ya tsage sai garin ya taru ya fito kamar zare. Ya dawo mana da jar takarda ɗaure a wuyansa, alamar ya faɗi gwaji. Na juya shi a hannuna, yana sheƙi, ko ƙwarzane babu. Baba ya kira mai jirgin, ya nuna masa hoton tsagar kusa da inda farfela ke zama, mutumin ya sa hannu a takarda, sai Baba ya juyo ya ce, "Ɗana, ɗauko giranda."

Na ce, "Baba, wannan fa dubban daloli ne."

Ya ce, "Na san kuɗinsa tun ba a haife ka ba. In ya fita ƙofar nan lafiyarsa lau, wata rana wani zai cire jar takardar ya wanke shi ya sayar wa wani. Yanke min shi biyu."

Wallahi hannuna na rawa na yanka. Ina yi ina lissafin sau nawa za a sayar da wannan ƙarfe da a Ƙofar Ruwa ya faɗo. Mai shago zai rantse maka ɗan Beljiyam ne bai taɓa aiki a Najeriya ba, mai walda zai ce a kawo ya cike, mai juya ƙarfe ya goge shi, a ɗaura, in ya karye a hanyar Zariya a ce tsautsayi. Kuma ni ma da ina gida da ina cikin masu cewa a lallaɓa.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai, wannan Baban da ya sa aka lalata ƙarfe mai tsada shi ne mutumin da ya fi kowa iya rage wa mai jirgi kashe kuɗi. Ranar da Balaraben ya fara zuwa ya ce shi kawai a yi masa odar sabon inji ya huta. Baba ya zaunar da shi, aka kawo gahawa, ya rubuta masa hanyoyin da ke akwai a kan takarda guda, kowace da kuɗinta. Sabo fil daga masana'antar Lycoming a Williamsport ta jihar Pennsylvania shi ne mafi tsada. Ƙasa da shi akwai wanda masana'antar ta sake ginawa da kanta, ana haɗa sababbin kaya da tsofaffin da suka ci gwaji daidai da awon sabo, a ba ka sabon littafin tarihin inji mai farawa daga awa sifili, kuma ita kaɗai ko wanda ta wakilta ke da ikon mayar da awa sifili. A duka biyun kana miƙa tsohon injinka a rage maka kuɗi, amma in sun buɗe suka tarar da babbar ɓarna ragin na iya raguwa. Sai garambawul a wajen wani gareji mai lasisi, inda injinka ne zai dawo maka, awoyinsa na ci gaba daga inda suka tsaya.

A nan ne Baba ya daɗe yana bayani, don a nan ake cutar mutane. Littafin gyaran da kamfanin ya fitar yana da awo iri biyu: awon sabon ƙarfe, da awon ƙarshen abin da aka yarda a ci gaba da aiki da shi. Gareji biyu za su iya ce maka sun yi garambawul, duka bisa doka, amma ɗaya ya mayar da kaya a awon sabo, ɗayan ya mayar da kayan da saura ƙiris su fita layi. Na biyun ya fi araha a ranar biya, sai dai ba lallai ya kai ka wata awa 2000 ba. Don haka ya ce wa mutumin kada ya tambayi farashi sai ya fara tambayar da wane awo za a yi, a kuma rubuta. Akwai kayan da babu ciniki a kansu, Lycoming ta jera su a sanarwarta mai lamba 240, irin su metal, ringi, gasket da bawul ɗin hayaƙi, duk garambawul sai an canja. Inda ake samun sauƙi shi ne sayen kayan wasu kamfanoni da hukumar jiragen Amurka ta amince musu, kamar silindar Superior, ko a goge karanshaf a rage shi kaɗan har iyakar da littafi ya yarda in bai tsage ba, ko kuma in ƙasan injin lafiya lau ne kuma awa ba ta cika ba, a yi aikin sama kawai, a cire silindar da ta gaza a bar sauran.

Yadda ake gane wadda ta gaza ma ba da kunne ba ne. Ana cusa iska mai ƙarfin 80, a ma'aunin da ake auna iskar taya, a silinda a ga nawa ta riƙe, in ta sauko wajen 60 a fara bincike. Ana zura 'yar kyamara ta ramin fulogi a kalli bawul. Duk canjin baƙin mai, wato awa 50 ko wata huɗu, sai an yanka filta an baje takardar cikinta ana neman garin ƙarfe, a kuma ɗebi man a kwalba a aika ɗakin gwaji. Da irin wannan bibiya masu jiragen kansu a Amurka, waɗanda ba haya suke yi ba, suke wuce awa 2000 doka ba ta hana su ba. Baba ya ce abin da ya fi kashe waɗannan injuna zaman banza ne: kamshaf ɗin Lycoming, wato sandar da ke buɗe bawul, a sama yake, in jirgi ya daɗe a ajiye mai ya tsiyaye ya bar shi, tsatsa ta kama, musamman a Jidda da Dammam inda iskar teku ke da gishiri. Mu a Riyad ƙura ce abokiyar faɗanmu.

Kada ku ɗauka aljanna nake ba ku labari. Jiran kaya a nan na iya sa mutum hawan jini. Kusan komai daga Amurka ko Turai yake zuwa, ƙaramin noti ma sai da takardar shaidarsa, in takardar ta ɓata a hanya notin ya zama shara ko da sabo ne. Jirgi ya yi watanni a tsaye saboda abin da bai cika tafin hannu ba, kai kana share rumfa a zafin da ke wuce digiri 45. Ga kuɗin dako, ga harajin kashi 15 cikin ɗari da aka fara karɓa tun 2020. Babu taya-taya, babu "Alhaji kawo rabi, sauran sai ƙarshen wata". A irin ranakun nan nake kewar gida, inda za ka hau Adaidaita Sahu ka zaga kasuwa, kafin la'asar wani tsoho ya ƙera maka abin da ya gagara, ka sha fura a inuwar shagonsa kuna hira. Hannun mutanenmu ya fi na da yawa daga cikin waɗanda nake aiki da su, na faɗa da babbar murya. Sai dai abu ɗaya da ke taimakon mai jirgi a nan: dala tana nan a riyal 3.75 tun 1986, farashin da aka rubuta masa yau shi zai biya bayan wata shida. Ku da kuke sayen kaya da naira ba sai na yi bayani ba.

Abin haushin, waɗannan injuna ba baƙi ba ne a wurinmu. Makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana nan tun 1964, kuma a Kaduna aka haɗa jiragen Air Beetle guda 60 na sojan sama, da injin Lycoming O-360, yayan wannan da muka kunce. Masu ilimin muna da su. Amma je gareji ka tambayi mai mota yaushe ya canja baƙin mai, a kilomita nawa, sai ya ce "bayan ƙaramar Sallah dai". Mai gyara ba ya rubutawa, mai mota ba ya tambaya, duk hayaƙin da aka gani a ce sai an sauke inji, alhali wataƙila bawul ɗaya ne. Mu da muke kukan babu kuɗi mu ne muke canja abin da bai lalace ba, mu bar wanda ya tsage saboda yana sheƙi. Littafin injin Balaraben nan kuwa, daga ranar da aka ƙera shi, duk wanda ya taɓa shi ya rubuta ya sa hannu da lambar lasisinsa.

Mutumin dai ya haƙura da sabon injin. Aka yi masa garambawul a awon sabo, aka samo karanshaf na hannu mai cikakkiyar takarda da ya ci gwaji, silinda huɗu sababbi, akwatin injin nasa ne aka mayar bayan an duba shi da rinin da ke nuna tsaga. Aka zuba masa baƙin mai marar haɗi, Baba ya gindaya masa cewa awoyin farko sai ya riƙa tashi da ƙarfi, ban da lallaɓawa, don ringi su zauna, kuma da sanyin safiya kafin silinda su ɗau zafin rana. Yanzu bayan sallar asuba yake zuwa yana hamma yana mita, ni ke janyo masa jirgin daga rumfa.