Ƙwalamar kare da kyanwa: wacce za ka saya, wane gwaji za ka nema?

Kafin ka miƙa kuɗi, juya ledar ka duba bayanta. Kalmar "an gwada" ita kaɗai ba ta isa ba, domin ɗakin gwaje-gwaje abin da aka ce ya nema shi yake nema. Wanda ya duba ƙwayoyin cuta bai duba gubar tsirrai ba.

A Amurka an ga haka. Tun 2007 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna take karɓar koke kan ƙwalamar kare ta busasshen naman kaza da na agwagwa da dankalin Hausa da ake shigowa da su daga China. Zuwa ƙarshen 2015 an kai rahoton mutuwar karnuka fiye da 1,100, wasu da ciwon ƙoda. An yi ta gwaji shekara da shekaru, amma ba a gano musabbabi guda ɗaya tak ba.

A ganina mafi aminci ita ce ƙwalamar da ke da lambar rukunin da aka sarrafa tare (batch number), wadda kamfani zai iya nuna maka sakamakon gwajin wannan rukunin daga ɗakin gwaji mai zaman kansa. Duba abin da aka haɗa ta da shi. In da garin rogo, nemi sakamakon sayanayid, gubar da ake samu a rogo. Ma'aunin Codex, ƙa'idar abinci ta duniya, na garin rogon da mutane ke ci shi ne kada ya wuce miligiram 10 a kilo. In da masara ko gyaɗa, nemi na gubar afalatoksin. Wannan kam daga fumfuna take fitowa, ba daga shukar kanta ba, amma ita ta sa aka janye abincin kare da kyanwa mai suna Sportmix daga kasuwar Amurka a ƙarshen 2020. Tambayi kuma irin gwajin: na tsinken takarda yana da arha da sauri, sai dai guba ɗaya yake kamawa, babbar na'urar ɗakin gwaji ta LC-MS kuwa tana tantance da yawa lokaci guda, da tsadarta.

Ta biyu ita ce mai lambar NAFDAC ba tare da takardar gwaji ba. Da dama-dama, tunda akwai wanda za a tuhuma.

Wadda ake aunawa a leda ba suna ba kwanan wata, bar ta.

Ta gida fa? Tsokar nama zalla da ka dafa ka busar da kanka ta fi min kwanciyar rai. Amma don Allah kada ka ba su kilishi ko tsire. Albasa da tafarnuwar da ke cikin yajin suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, na kyanwa ma ya fi saurin lalacewa. Zabibi da cakulan su ma a ɗauke su daga inda baki zai kai.