SYS1.LOGREC ko LOGSTREAM: wanne za ka ɗora aikin EREP a kai?

Ƙanena, na ga tambayarka tun bayan Magariba, wuta ce ta ɗauke mana a Nima, shi ya sa sai yanzu. Ga waɗanda ba su gani ba: an ba shi aikin rubuta JCL (jerin umarnin tura aiki) da zai riƙa fitar da rahoton kurakurai na manhajar EREP a babbar kwamfutar IBM. Ya tarar da samfuri biyu, ɗaya yana karanta SYS1.LOGREC, ɗaya yana ambaton SYSPLEX.LOGREC.ALLRECS, shi ne yake tambaya wanne ne daidai.

Duka daidai ne, sai dai an riga ka zaɓe. Buga D LOGREC, z/OS, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, zai gaya maka inda yake zuba bayanan kurakuran yanzu, bisa abin da aka rubuta a LOGREC= cikin IEASYSxx, fayil ɗin saitin tashi. Manhajar ɗaya ce ta kowace hanya, IFCEREP1, rahoton ma bai canza kama ba. Inda suka rabu shi ne wurin ɗebo bayanan, da kuma wanda kwashewa ta rataya a wuyansa.

Fayil ɗin SYS1.LOGREC randa ce a ƙarƙashin indararo. Duk abin da ya gangaro a cikinta yake sauka: na'ura ta yi tuntuɓe, faifai ya ƙi karantuwa, manhaja ta faɗi, har kowane IPL (tayar da kwamfutar) da aka yi. Girmanta ƙayyadadde ne tun ranar da aka shirya ta da IFCDIP00. In ta kusa cika za ka ga saƙon IFB080E, in ta cika IFB081I, daga nan sababbin bayanai sai su riƙa zuba a ƙasa. Babban aikinka a wannan hanya kwashewa ne, rahoto na biye. Ga matakin farko, ka ƙara UNIT da SPACE gwargwadon tsarin wurinku:

//KWASHE   EXEC PGM=IFCEREP1,PARM='CARD'
//SERLOG   DD DSN=SYS1.LOGREC,DISP=OLD
//ACCDEV   DD DSN=EREP.TARIHI(+1),DISP=(NEW,CATLG),
//            DCB=(RECFM=VB,BLKSIZE=4000)
//EREPPT   DD SYSOUT=*,DCB=BLKSIZE=133
//TOURIST  DD SYSOUT=*,DCB=BLKSIZE=133
//SYSIN    DD *
PRINT=NO
ACC=Y
ZERO=Y
ENDPARM
/*

PARM='CARD' na nufin a nemi umarnin a SYSIN. Na fi son haka, don PARM ba ya ɗaukar fiye da haruffa 100, kuma layin JCL kansa a gurbi na 71 yake tsayawa, gadon katin nan mai gurabe 80 na zamanin System/360 da ta fito a 1964. ACC=Y ya kwafe komai zuwa ACCDEV, ZERO=Y ya wanke randar. Mataki na biyu shi ke buga rahoto, daga kwafin yake karantawa: ACCIN ya nuna wancan fayil na tarihi, ka ƙara DIRECTWK a matsayin wurin aiki na wucin gadi, ka sa HIST=Y. Abu biyu ke kayar da sabon hannu a nan. Cikin aiki ɗaya fayil ɗin yana nan a (+1), wato sabon kwafin da ake ƙirƙira, ba ya zama (0), wato na baya-bayan nan, sai aikin ya ƙare. Sannan ka rubuta ACC=N da hannunka, don a yawancin rahotanni in ka yi shiru EREP ɗauka yake ka ce Y, sai ya hau neman ACCDEV ɗin da babu.

Bari in faɗa maka yadda na koyi wannan. Ina sabon zuwa a wani wurin aiki, randa ta cika da tsakar dare, na kwafi wani tsohon JCL na tura ba tare da na karanta layi-layi ba. Aiki ya ƙare lafiya lau, saƙon cikar ya ɓace, na fita na sha koko da ƙosai ina jin kaina gwani. Da hantsi injiniyan na'ura ya nemi bayanan wani faifai da ke ta ba da matsala kwana uku. Sai a lokacin na lura an rubuta ACCDEV DD DUMMY, ma'ana kada a ajiye komai. Wato na wanke randa, ruwan kuma na sheƙar a kwata. Tun daga ranar ba na tura ZERO=Y sai na sa yatsa a kan layin ACCDEV na karanta shi da baki, kuma TOURIST nake fara buɗewa kafin rahoton, don a can EREP ke faɗin abin da ya yi da abin da ya ƙi yi.

Ɗaya hanyar, wato LOGSTREAM, magudana ce. System Logger, wani sashe na z/OS, ke riƙe da ita, ana ayyana ta da IXCMIAPU, sunanta SYSPLEX.LOGREC.ALLRECS, kuma duk tsarukan z/OS da ke cikin sysplex ɗaya (rukunin da ke aiki tare) za su iya zuba nasu a ciki. In wurin ajiyarta na farko ya cika, Logger da kansa yake juyewa cikin fayilolin faifai, babu mai tashinka cikin dare saboda IFB081I. A JCL ɗinta babu SERLOG sam. Abin da ke ruɗa mutane shi ne EREP yana kallon magudanar kamar fayil na tarihi, saboda haka ta ACCIN ake shiga, da HIST=Y:

//ACCIN    DD DSN=SYSPLEX.LOGREC.ALLRECS,DISP=SHR,
//            SUBSYS=(LOGR,IFBSEXIT,,'LASTRUN'),
//            DCB=(RECFM=VB,BLKSIZE=4000)

Waƙafi biyun nan da ke jere ba kuskure ba ne, gurbin FROM da TO (daga yaushe zuwa yaushe) ne aka bari fanko. LASTRUN ya ce a ɗauko daga inda aka tsaya a karon baya. In na tsari ɗaya kawai kake so, SYSTEM= da sunansa za ka sa a wannan gurbi na ƙarshe. ZERO=Y ba shi da aiki a nan. Gogewa ko dai ta DELETE a cikin SUBSYS, ko ta RETPD (kwanakin ajiya) da AUTODELETE da aka sa lokacin ayyana magudanar. Ni dai ba na ba sabon hannu shawarar taɓa DELETE: randa taka ce kai kaɗai, magudana kuwa ta unguwa ce, in ka share har da na maƙwabta ka share.

Wani ɗan daɗi da muke da shi a Akra: FROM da TO da agogon GMT suke aiki sai in ka rubuta LOCAL, mu kuwa shekara zagaye a kan GMT muke. Amma in kwamfutar tana Ingila ko Amurka kana shiga daga nan, agogonta za ka tambaya. Kwanan wata ma ka kula, DATE na EREP lambar rana a shekara yake so, 1 ga Fabrairun 2025 ita ce 25032, alhali FROM na son 2025/032.

Rahotannin kuwa duk ɗaya ne: SYSUM don taƙaitawa, EVENT don jerin abin da ya faru bisa lokaci, SYSEXN shi injiniyoyi suka fi nema, TYPE=S da PRINT=PS in faɗuwar manhaja kake bi.

Ka ce tsari ɗaya ne tak a wurinku. To in D LOGREC ya nuna fayil, ka zauna a kansa, ka sa aikin kwashewa ya riƙa tashi kullum, ka riƙe tarihin kwanakin da shugabanka ya yarda da su. Wahalar kafa Logger saboda tsari ɗaya, ga mai koyo irinka, ba ta biya ba tukuna. Ranar da suka kai uku ko huɗu, kana haɗa tarihin kowanne da hannu don gano wanda ya fara ganin matsalar, ranar za ka je wa masu kula da tsarin da maganar SETLOGRC LOGSTREAM. Yanzu dai turo mana abin da D LOGREC ya nuna, ka rufe sunan wurin aikinku kafin ka ɗauki hoton.