Samarin da suka haɗa min tallar kayan Sallah a Instagram

Shago gare ni a Kantin Kwari, atamfa da leshi da shadda nake sayarwa. Wasu samari biyu a nan Kano na ba wa aikin tallar kayan Sallah a Instagram da Facebook, kuma 'yan'uwa 'yan kasuwa na ta tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya.

Wajen hoto suka fi burge ni. Sun ƙi ɗaukar kaya a ƙarƙashin ƙwan fitilar shago, suka ce haskensa na canza launi. Da hantsi muka fito da kayan waje. Duk mai aika kaya wani gari ya san rigimar "Hajiya, ba wannan kalar na gani ba", kuma wallahi wannan karon ba wadda ta dawo min da kaya saboda launi. Bidiyon ma a tsaye suka ɗauka don ya cika fuskar waya: hannu na warware shadda Getzner, sheƙinta na fitowa, har ƙarar yadin ana ji. Mai saye ba za ta iya taɓa yadi ta waya ba, to ai gara ta ga yadda yake motsi.

Sun haɗa tallar da WhatsApp ɗina, tunda kamfanin Meta ne ke da su duka, mace na dannawa sai ga ta muna magana. Mutanenmu sai sun yi ciniki, sai sun ji "nawa ne gaskiyarsa" daga bakin mai kaya. Garuruwa kuwa Kano da Kaduna da Abuja kaɗai suka zaɓa, inda zan iya ba direba saƙo a tasha. Kuma tun kafin azumi suka sa muka fara, domin in azumi ya yi nisa teloli sun daina karɓar ɗinki.

Sun san kan kuɗi. Su suka fahimtar da ni harajin kashi 7.5 da ake ɗorawa kan talla a Najeriya tun 2022, da ƙarin kashi 30 na Apple in ka biya ta manhajar iPhone. Shi ya sa ta kwamfuta suke biya.

Inda ban ji daɗi ba biyu ne. Ba su faɗa min tun farko cewa ladan aikinsu daban, kuɗin talla daban ba. Sannan da fari sun ƙi sa farashi a jikin hoto, wai don a yi ta turo saƙo. Saƙon kuwa ya zo, amma rabi "nawa?" ne kawai, daga nan shiru. Da na matsa aka rubuta kuɗin turmi, saƙo ya ragu, ciniki ya ƙaru.

In za ki ba su aiki, ku yi lissafi a rubuce kafin a fara, kuma ki tanadi mai amsa saƙo har dare.