Na ba mai zane aikin tsohon gidanmu, ga yadda muka kwashe da shi

Hoto ɗaya tak ya rage mana na gidan da aka haife mu, shi ma ya koɗe har ƙofar ta zama kamar tabon ruwa a takarda. An daɗe da rushe gidan. Umma kuwa duk ranar da hira ta yi daɗi sai ta zagayo kansa: dakalin ƙofar gida, bishiyar da inuwarta ke kwanciya a jikin katanga da yamma, tagar nan da ba ta taɓa rufuwa daidai ba. Da farko wurin masu gyaran hoto da kwamfuta na kai shi. Suka wanke shi tas, suka zuba masa launi, ya fito fes kamar tallan gidan haya. Umma ta ɗaga shi, ta juya, ta ce, "Wannan kuma gidan wa?" Shi ne na ce bari in gwada mai zanen hannu.

Wanda aka kwatanta mini ɗaki guda ne shagonsa, tun daga bakin ƙofa warin fenti da tinna zai tarbe ka. Bai taɓa shiga ajin koyon zane ba. Ya ce a bayan littafin lissafi ya fara, ya sha bulala a kai, daga baya aka kai shi koyon sana'a wurin mai rubutun allunan shaguna. Shekara biyu ya yi yana wankin buroshi da shafa farin fenti kafin maigidansa ya bari ya rubuta harafi ɗaya. Da injinan buga bana, wato manyan ƙyallayen talla, suka shigo, aikin da a da yake cin kwana uku ya koma na rabin sa'a, ciniki ya mutu murus. Abokan sana'arsa wasu suka koma fentin gidaje, wasu suka bar harkar gaba ɗaya. Shi kuma ya sayi kambas, wato yadin da ake zane a kai, da 'yan bututan fenti, ya zauna da waya yana kallon darussa a YouTube yana kwaikwayo, yana lalatawa, yana shafewa ya sake.

Da na ji haka ban raina shi ba, don na san wannan hanya ta fitar da manya. Chéri Samba na ƙasar Kwango rubutun alluna ya fara yi a Kinshasa kafin ya buɗe nasa wurin a 1975, yau kuma manyan gidajen adana zane na Turai da Amurka suna rataye da aikinsa. James Rosenquist, shahararren mai zanen Amurka, shi ma sai da ya yi shekaru yana hawa sama yana fentin manyan allunan talla a New York. Ban ce mutumina ya kai su ba. Amma wanda ya saba yin aikin da za a karanta daga tsallaken titi ya san abin da ido ke fara kamawa, kuma wannan ya fito a zanen da ya yi mini.

Abin da ya fara saye ni shi ne bai karɓi hoton ya ce in dawo ba. Zaunar da ni ya yi yana jero tambaya. Ina ƙofar take fuskanta, gabas ko yamma? Katangar wane launi ce, kuma in an yi ruwa tana yin duhu ko tana sheƙi? Da na kasa amsa wasu ya ce, "Yallaɓai, kira Umma mana." Na kira, na sa a sifika. Suka fi rabin sa'a suna magana, ita tana bayani shi yana ja da fensir a bayan wani tsohon kwali. A nan na ji abin da ban taɓa sani ba, wai gefen dakalin na hagu a gutsure yake tun ranar da wata mota ta goge shi. Hoton bai kai wurin ba. Ya sa shi a zanen.

Ya ba ni zaɓi tsakanin akirilik da fentin mai, kuma ya yi mini bayani ba tare da ya tura ni ga mai tsada ba. Akirilik da ruwa ake dama shi, ruwan na tashi ya bushe, cikin mintuna an gama, sai dai yana ɗan ƙara duhu bayan ya bushe kuma ba ya jiran mutum ya gauraya launuka a jikin kambas. Fentin mai ba haka yake ba. Man da ke cikinsa haɗuwa yake yi da iska a hankali har ya daskare, shi ya sa yake ɗaukar kwanaki kafin a iya taɓawa. Ya ce tunda zanen nan kusan dukansa haske ne da inuwa a kan katanga, na mai zai fi ba shi damar narkar da wannan cikin wancan. Na yarda, na ba da rabin kuɗi, ya ce mako huɗu.

Na leƙa sau uku yana cikin aiki, kuma ina ba duk mai son ba da irin wannan aiki shawarar ya riƙa leƙawa. Zuwan farko ya riga ya shafa wa kambas ɗin farin share fage har sau uku, yana gogewa da samfefa tsakanin kowace shafa, don kada mai ya ratsa yadin ya cinye shi bayan shekaru. Ya ja layuka a kan kwafin hoton kamar gidan dara, ya ja irinsu manya a kambas, yana ɗauko abin da ke kowane gida yana mayarwa a nasa. Zuwa na biyu sai da gabana ya faɗi, don duk zanen launin ƙasa ne kawai, tsinkakke kamar an zubar da ruwan laka. Ya yi dariya ya ce tushe ne. Shafar ƙasa dole ta zama mai ƙarancin mai, ta sama ta fi ta maiƙo, in aka juya lissafin sai na sama ya riga na ƙasa bushewa, zanen ya tsattsage nan gaba.

Zuwa na uku ne na tsaya a bayansa ina kallon yadda yake haɗa inuwar bishiyar. Na zaci baƙi zai ɗiba. Ko kusa. Shuɗi ya lakato, ya haɗa da ruwan ƙasa mai duhu, ya ɗiga ja kaɗan, ya murza da 'yar wuƙarsa a kan fasasshen gilashin da yake haɗa launi a kai, har abin ya koma wani shunayya mai sanyi. Na ce, "Malam, inuwa ai baƙa ce." Ya ce, "Yallaɓai, fita ka duba ta jikin bangon can." Na fita na duba. Tun ranar ban ƙara ganin inuwa baƙa ba. Haka kuma rufin maƙwabta da ke can baya, ya kashe masa kaifi ya sa masa fari-fari da shuɗi, sai ga shi ya ja da baya da kansa, gidanmu ya matso gaba. Launuka shida ko bakwai ne kacal a gabansa, amma duk abin da ke cikin zanen daga su ya fito.

To, yanzu ga inda muka saɓa. Mako huɗun nan sai da ya zama tara. Na yarda wani ɓangare laifin fentin ne, farin da ya zuba da kauri a jikin katanga ya ƙi bushewa da wuri. Amma shi ya san halin fentinsa tun kafin ya yi alkawari. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne waya. Ka kira sau biyar ba a ɗaga ba, ka tura saƙo ka ga alamar an karanta, shiru. Sai ka taka ka je ka same shi hankali kwance yana wani aikin daban, ya tarbe ka da fara'a kamar jiya kuka rabu. Da ya ce mini tun farko wata biyu ne, da ban sa wa Umma rana ba.

Sai tsuntsaye. Ranar da na je karɓa na tarar da guda uku a sama, irin waɗanda yara ke yi da jan layi biyu. Babu su a hoto, babu su a maganar Umma. Ya ce sararin ne ya yi masa fayau da yawa. Na ce a bar shi fayau ɗin. Bai ji daɗi ba, amma ya shafe, wanda hakan ya ƙara mana kwana shida. Akwai kuma lambar gidan da ke saman ƙofa, wadda ya rubuta da kaifi da tsabta fiye da komai a zanen, har ido na fara sauka a kanta kafin ya ga ƙofar. Hannun mai rubutun allo ne ya motsa. Wannan ban sa ya gyara ba, na bar masa ita. Firam ɗin da ya haɗo da shi kuwa bai dace da aikin ba ko kaɗan, katako ne marar nauyi, kusurwa ɗaya ma a buɗe take har ana iya zura farce. Na cire na kai wa kafinta ya yi wani. Duk mai zuwa wurinsa ya karɓi zanensa tsirara, ya nemi firam a wani wuri.

Na kai wa Umma da daddare, na jingine shi a kan kujera ba tare da na ce komai ba. Ta sa tabarau, ta matso har hancinta ya kusa taɓa fentin, sannan ta ja baya ta zauna. Ta daɗe ba ta yi magana ba. Can ta nuna inuwar da ke jikin katanga ta ce, "Nan la'asar ta yi, yanzu za ku fara shigowa da ƙura a ƙafa." Sai kuma ta ce tagar ta fi haka karkacewa, amma a bar ta.

Zan koma wurinsa? Zan koma, har na nuna wa mutum biyu hanya. Sai dai na gaya musu su ninka duk lokacin da ya faɗa, su faɗa masa dalla-dalla abin da ba sa so a ƙara, kuma kada su biya sauran kuɗin sai sun gani da idonsu. Aikin ma bai ƙare ba tukuna, don ya ce fentin mai ba a shafa masa banish, wato man sheƙin da ke kare zane, sai ya yi kamar wata shida ya bushe har ciki, kafin nan kada a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, kada kuma a rataye shi inda rana ke duka. Ya ce in dawo da shi zai shafa kyauta. Na rubuta watan da fensir a bayan kambas ɗin, kuma na riga na yanke cewa ba zan kira ba, ɗaukarsa zan yi in tafi kawai.