Duba haƙoran kwas kafin ka biya kuɗin rajista

Wanda ya shiga kara sayen rago ba ya ruɗuwa da girman ƙaho, sai ya buɗe baki ya ga haƙori, ya matsa gadon baya. Amma idan aka zo zaɓar wa yaro jami'a, inda zai kwashe shekara huɗu zuwa shida ana zuba kuɗin da ya fi na garken raguna, sai ka ji uba ya ce, "Ai sunanta kaɗai ya isa." A Najeriya kuwa kwas-kwas ake bi ana tantancewa. A jami'a guda za ka tarar da sashen da ya tsaya da ƙafarsa, ga na kusa da shi yana tangal-tangal.

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke tura tawagar farfesoshi su duba manhaja da malamai da ɗakunan gwaje-gwaje da laburare, su ba da maki. Kwas ɗin da ya ci kashi 70 zuwa sama, kuma bai gaza a waɗannan ginshiƙan ba, yana samun cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Mai kashi 60 zuwa 69 ana ba shi ta wucin gadi, shekara biyu, ya je ya gyara. Wanda ya faɗo ƙasa da haka ana hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Saboda haka abin tambaya a ofishin shugaban sashe shi ne wane mataki kwas ɗin yake, kuma a wace shekara aka ba shi. Idan aka ce maka "NUC ta amince mana", sake tambaya, domin izinin buɗe kwas daban, tantancewa daban, ita sai ɗaliban farko sun yi nisa ake zuwa yin ta.

Kwasa-kwasan sana'a suna da ƙofa ta biyu, wato amincewar hukumar da ke kula da sana'ar. Likitanci na hannun MDCN, injiniyanci na COREN, haɗa magunguna na PCN, lauya kuma na Majalisar Ilimin Shari'a mai kula da Makarantar Horas da Lauyoyi. Ta likitoci da ta lauyoyi har adadin ɗalibai suke ƙayyade wa kowace jami'a. Inda aka ba da gurbi 50 aka kwashi 200, yaro zai gama ya zauna yana jiran layi, ga digiri a hannu ba damar aiki da shi. Tambayi adadin da aka ware musu, sannan ka leƙa ajin 'yan shekarar farko ka ƙirga kawuna.

Tsofaffin jami'o'in tarayya irin su ABU Zariya, wadda ta buɗe tun 1962, da BUK da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ƙarfinsu yana wajen malamai da asibitocin koyarwa da tsofaffin ɗalibai da suka bazu ko'ina, ga kuɗinsu da dama-dama, kuma tun 2024 ɗaliban makarantun gwamnati na iya neman rancen karatu daga asusun gwamnatin tarayya na NELFUND. Abin da za ka biya a nan lokaci ne da cunkoso. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Na jihohi kuwa lafiyarsu tana bin aljihun gwamnan jihar da ra'ayinsa.

Masu zaman kansu jadawali suke sayarwa: shekara huɗu shekara huɗu ce, aji ba ya cika maƙil. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga 'ya mace da ake son ta gama da wuri. Sai dai a nan ne ya kamata ka fi buɗe ido. Na taɓa raka 'yar ƙanwata wata irin wannan jami'ar, aka zagaya da mu ɗakin gwaje-gwaje mai sanyin na'ura, madubin ganin ƙwayoyin cuta jere a kan benci, kowanne cikin ledarsa, ba ko ɗigon tabo a kan tebur. Muna fita ta ja ni gefe ta ce, "Kawu, anya an taɓa aiki a ɗakin nan?" Ta riga ni gani. Ɗakin da ɗalibai ke shiga kullum ba ya rasa kwalbar da aka sha rabinta da littafin sa hannu mai naɗaɗɗun gefe. Ka kuma nemi sanin malamai nawa ne nasu na dindindin, nawa ne 'yan ziyara da ke zuwa ranar Asabar su dunƙule darasin wata guda a zama ɗaya.

NOUN, jami'ar karatu daga gida, ta dace da ma'aikaci ko uwar gida mai iya karatu ba tare da an tsaya a kansa ba. Ga kwas ɗin sana'a dai a fara tabbatar da matsayin hukumar sana'ar, don ɗalibanta na lauya sun sha jira shekara da shekaru kafin a buɗe musu ƙofar Makarantar Horas da Lauyoyi. Digirin Kwatano ta Jamhuriyar Benin kuwa, bayan ɗan jarida Umar Audu ya fallasa a Disamban 2023 yadda ya samo shi cikin mako shida, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. A cikin gida ma duk gurbin da bai bi ta CAPS, tsarin JAMB na ba da gurbin karatu, ba, rigima ce ke jira ranar tafiya bautar ƙasa.

Duk wannan takarda ce, takarda kuma ba ta nuna abin da ya shiga kan ɗalibi. Manhajar bai-ɗaya ta jami'o'i, CCMAS, da NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022 ta tsara kashi 70 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Ka ce a nuna maka abin da suka zuba a nasu kason. Nan ake gane sashen da ya zauna ya yi tunani da wanda ya cike gurbi. Yawan masu digiri mai daraja ta ɗaya, wato maki 4.50 zuwa sama, bai cika burge ni ba, don alƙalamin wani malamin ya fi na wani laushi.

Ni abin da na fi yarda da shi kantar kundayen binciken 'yan ajin ƙarshe ce. Zaro guda biyar na shekaru daban-daban ka buɗe babi na biyu da na huɗu. Idan jimlolin iri ɗaya ne, sunan gari kawai aka canza, ka ga haƙorin. Daga nan ka samu ɗan aji huɗu a gindin bishiya, nesa da ofis, ka tambaye shi inda ya yi horon sanin makamar aiki na SIWES da abin da aka bar shi ya taɓa da hannunsa, sau nawa aka dawo masa da takardar gwaji da jan biro a kanta, da kuma wata nawa sakamakon zangon da ya wuce ya yi kafin a liƙa shi.